Sunan Nafi'u zai koma kan aikinsa

Da safen nan ƙanwarsa ta kira ni daga Maruta: Nafi'u ya rasu. Zazzaɓin kwana huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kuka nake, amma fushina ya fi kukan yawa.

Tare muke karatu a jami'a, shi ya koya min rubuta kod, wato umarnin da ake ba kwamfuta, a tsohuwar laftof ɗinsa. Da tawa ta mutu ana gab da jarrabawa, tasa ya ba ni har sati biyu.

Shekara biyu yana aiki kan kanal, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Memori, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, hawa biyu ce, mai sauri da mai nawa. Nafi'u ya samo yadda za a gano inda bayani yake nan take, a kulle wannan gurbin kaɗai, sauran ayyuka su ci gaba. Ya ce min, "Tsohuwar hanyar, Hadiza, kamar Inna ta garƙame gida duka ne don za ta ɗebi gero a rumbu."

Malamin da ke duba aikin ya karɓa wai zai gyara, ya fitar da takardar bincike da sunansa shi kaɗai. Yau shi ya fara rubuta ta'aziyya, wai "ɗalibina abin alfaharina". Ko kunya babu.

Ganinmu na ƙarshe a tashar Birnin Kudu ne, yana jiran motar Gwaram. Ya ce kwafin da Malam ya ɗauka yana da matsala: ayyuka biyu kan riƙe makulli, kowanne yana jiran ɗaya ya saki, kwamfuta ta sandare. Ya miƙo min filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. "Gyaran na ciki. Ki kai masa, mutane za su yi amfani da shi."

Na ce ba zan kai ba. Ya yi dariya, ya ce rigimata ta yi yawa, ya bar min filas ɗin.

Zan kai, Nafi'u, amma a taron da zai gabatar da takardar sati mai zuwa. Zan zauna layin gaba, in tambaye shi dalilin sandarewar. Sai ya gama kame-kame a gaban jama'a, sannan in karanta gyaran da sunanka.

Ka yafe masa, na sani. Ni ban yafe ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba Innarka haƙuri. Ku sa shi a addu'a don Allah. Ni kuma ku roƙa min kada muryata ta yi rawa ranar.