Ranar da Zaure Ya Kwashi Adashi

Mastura mai gyaran waya ce a Agege, shagonta na bakin titin jirgi. Shekara shida ke nan da ta buɗe Zauren Unguwa, dandalin intanet inda 'yan Arewa ke cigiyar ɗakin haya da motar zuwa gida. Ba ta karɓar ko sisi.

Sai dai duk satin Sallah shafin sumewa yake yi, don jama'a sun fi ƙarfin ƙaramar na'urar da take haya tana ɗauke da shi. Alhazan da ba su taɓa ba da kwabo ba su ne kan gaba wajen kira: "Mastura, abin naki ya sake mutuwa!"

Uwar adashinsu, Hajiya Ni'ima mai tuwo, ta gaji da ganin ranta a ɓace. Ta ce, "Ƙanwata, shi Zauren nan ba ɗan unguwa ba ne? A sa shi a adashi."

Aka yi dariya, amma aka sa shi. Mata ashirin, kowacce na ƙara naira ashirin da biyar duk Juma'a, ya zama ɗari biyar, zubin Zaure ke nan. Da kwasarsa ta zo, Mastura ta yi hayar babbar na'ura, shekara guda cif.

Sallar bana shafin ko tari bai yi ba. Alhazan suka zo taya murna, suna tambayar wane kamfani ne ya taimaka.

Mastura ta nuna musu rumfar tuwo.