Kunnen Baba Ishaya

A Zuru, in injinka ya fara tari, ba sai ka yi tambaya ba, rumfar Baba Ishaya za ka nufa, can bayan tasha. Ɗan tsohon soja ne, a bariki ya tashi, kuma a gindin janaretan bariki ya koyi sana'a. Injin niƙa, injin ban-ruwa, zarton yankan katako, duk da kunne yake gyara su. Sai ya ce a tayar, ya karkata kai, ya faɗi ciwon tun kafin ya taɓa sifana. Yana da baki kuma, Allah ya sani. Bakaniken da ya kwance inji kafin ya saurare shi, mahauci yake ce masa.

To, kunnen nan ne ya fara tafiya. Na hagu ya mutu tun bara, na dama kuma sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Matarsa Magdalene kaɗai ta sani. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, domin ranar da gari ya gane, masu gyaran da ke tsallaken titi za su kwashe masa mutane.

Ranar kasuwa sai ga Arzika, wani manomi daga Dirin Daji, da injin ban-ruwa ɗaure a bayan babur.

"Baba, injin ga na wani kuka da ban san shi da shi ba. In ya tsaya, albasata ta ƙone."

A leɓensa Ishaya ya karanci rabin maganar. Ya ce a tayar. Inji ya kama, mutanen da ke zaune a benci duk suka yamutsa fuska lokaci guda. Kowa ya ji abin, ban da shi. Ya karkata kai yadda ya saba. Filogi ne? Kafireta? In ya yi kame-kame ya kuskure, gonar mutum ce za ta bushe.

Sai ya ɗauki doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a jikin injin, ya ciji ƙotar da haƙoransa. Mutane suka yi dariya, sun ɗauka sabon salon iyayi ne. Bugun ya bi ƙarfe ya shiga muƙamuƙinsa, ƙas, ƙas, ƙas, daga ƙasa.

"Boris ne!" in ji shi.

Aka kwance, ga boris, zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a ciki, ya ci kansa. Ya sa sabo, ya ɗaure, aka ja igiya, inji ya ɗauka sumul. Daɗi ya kama Ishaya har ya manta kansa. Ya juya wa injin baya yana goge hannu, yana ɗaga murya don ta fi ƙararsa, yana yi wa Arzika faɗan barin inji ba baƙin mai. Ya daɗe yana ihu kafin ya lura ba mai dariya. Da ya waiwaya, ashe Arzika ya kashe injin tuntuni.

Kowa a rumfar ya sa ido a ƙasa. Arzika ya zagayo ya tsaya daidai gabansa, inda zai ga bakinsa, ya yi magana a hankali.

"Na jiya, Baba. Kasuwa mai zuwa ina kawo maka janareta."

Ishaya ya gyaɗa kai, ya duƙa yana tattara sifanu, ya kasa ɗagowa.