A Ba Na Zabi Kasuwa Guda

Ƙwan zabi tamanin, ƙwan kaza goma sha takwas, da kaji bakwai. Wannan shi ne duk abin da na mallaka a duniya a bazarar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake yau gemuna ya yi fari, kuma kaji da zabin da suka bi ta hannuna tun daga lokacin ban san iyakarsu ba. Awaki biyu mahaifiyata ta bar mini, na sayar da su na mayar da su ƙwai da kaji. In abin ya yi, na zama mai kaina. In bai yi ba, sai in koma in durƙusa gaban kawuna, wanda na yi shekara shida ina kora masa jakuna da kayan albasa, na kuma bar shi da maganar cewa ba ni ƙara bin ƙurar jakin kowa.

Shekarun nan ne da Nasara ke yaƙi can ƙasarsu, kantuna suka bushe, tufa ta yi wuya. Amma ciki bai san yaƙi ba. Na lura, duk sa'ad da muka sauke kaya a Madawa, masu yi wa mutanen bariki cefane zabi suke nema, kuma ba su cika ja-in-ja a kansu ba. Zabuwa kuwa, kowa ya sani, ƙwai ta iya zubawa a daji, kwanci ba nata ba ne. Kaza ake ba ƙwanta ta ƙyanƙyashe. Sai na ce a raina, abin da mata ke yi da kaza guda a bayan ɗaki, ni zan yi shi da bakwai.

Kajin na fara saye. Wajen wani falke da ya fito daga kudu na zaɓi shida, manya, masu dogayen ƙafafu da faɗin ƙirji, waɗanda suka gama zuba ƙwai suna neman kwanci. Hujjata mai sauƙi ce: kaza mai faɗi ta fi rufe ƙwai da yawa. Da muka gama ciniki ya ɗauko wata ƴar durgu, irin gajerun nan da cikinsu ke kusan sharar ƙasa, ya ce gyara ce. Na karɓa don ba a ƙin gyara.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, darni ne kawai tsakanin gidanta da nawa a ƙauyenmu na kusa da Galma. Ta leƙo ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wagga gajeruwa ita ce kaza," in ji ta. "Sauran ado ne."

"Gwaggo, ke dai ba ki son abu babba."

"Ina so, in rago ne."

Maganar ta ɓata mini rai, har na ƙudurta ba zan ƙara shawara da ita ba. Da a ce ban yi wannan ƙudurin ba, da ba ni da labarin da zan ba ku yau.

Ƙwan kuma a kasuwar Tama na same shi, wajen wata tsohuwa da ke tara na maƙwabtanta ta kawo. Lokacin an yi ruwan fari, an yi shuka, sai sama ta ɗauke, zafi ya dawo ya fi na da. Tsohuwar ta riƙa ɗaga ƙwan ɗaya ɗaya tana duba shi a rana kafin ta jera mini cikin masaki da ƙaiƙayi. Tana yi tana magana, ni kuwa rabin hankalina yana kan ƙidaya, rabi yana kan jakin aro da na ɗaure nesa da inuwa.

"Samari, in kana son ɗiyan zabi su zamna gida, ka haɗa musu da ƙwan kaza biyu ko ukku. Tsakon kaza shi ka koya musu shiga akurki. In ba haka ba, ran da hiffike yat tsiro musu, daji za su."

"Na ji, Inna."

"Amma ka ba na zabi kasuwa guda."

"To, Inna."

Mutanenmu da kasuwa suke ƙidayar kwana bakwai, daga ci zuwa ci. Wannan na sani. Abin da na fahimta shi ne in bar ƙwan zabin ya huta kasuwa guda kafin in sa wa kaza, wai don ya sha girgiza a hanya. Fassarar ta ma yi mini daidai, don kajin baƙi ne, suna bukatar su saba da wuri. Na kai masakin ɗaki na rufe da faifai, ya yi kwana bakwai cikin zafin da ko man shanu ba ya kwana a daskare. Ran na takwas na sayi sabon ƙwan kaza a gari, na ba kowace babba na zabi goma sha biyu, na cusa na kaza uku uku a ƙarƙashi. Durgu ba ta da faɗin ɗaukar ƙari, sai na ba ta takwas ɗin da suka rage, na zabi zalla.

Akurkai shida na gina da yumɓu a jikin darni, inda rana ke duka tun daga hantsi. Da wuri ya ƙare, sai na tura durgu ƙarƙashin rumbu, can cikin yashi. Na ɗauka na wulaƙanta ta ne.

A kasuwa ta biyu zafi ya kashe mini guda cikin manyan. Da azahar na je na tarar da ita kwance kan ƙwai, baki buɗe, fuka-fuki a shimfiɗe, ta sandare. Ƙwanta duka na zubar. Gwaggo ba ta ce mini ta faɗa ba. Ta dai miƙo mini tsohuwar zana ta kan darni ta ce in yi musu rumfa, in riƙa yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da akurki safe da azahar, in ajiye kasko kusa da bakinsu. Na yi, don a nan ban da gardama. Ƙwan kazan da ke ƙarƙashi kuwa ban gaya mata ba. Dabarata ce da na samo daga nesa, ina so ranar da za ta gani ta yi mamaki.

Na san ƙwan zabi kasuwa huɗu yake yi. Saboda haka da ta uku ta zagayo, hankalina kwance na tafi Buza neman masu sayen zabin da ba su ma zo duniya ba, na bar wa Gwaggo zuba ruwa da tsaba. Kwana biyu na yi. Na dawo rana tsaka, ina shiga gida sai ga kajina biyar suna yawo a tsakar gida, kowace da ƴan tsaki biyu ko uku a bayanta, suna tona. Gaskiya na ji daɗi. Na tsaya ina ƙirga su, goma sha uku.

Gwaggo tana zaune a inuwar rumfar, ga babban masaki cike da ruwa a gabanta.

"Ka ga ɗiyanka?"

"Na gani, Gwaggo."

"To tahi ka ga ƙwanka."

Na leƙa akurkin farko. Ƙwan zabi goma sha biyu a jere, babu kowa a kansu. Na biyu haka, na uku haka, har na biyar. Sittin cif, an tashi an bar su.

"Wa yac ce ma ka sa su rana guda?" Ba ta ɗaga murya ba. "Na kaza kasuwa ukku, na zabi huɗu. Kaza in ta ji kukan ɗiyanta ƙarƙashinta, ta gama. Mi za ta jira? Ɗiyan wani?"

Na ce bari in kama tsakin in ɓoye, uwayen su koma. Ta ce da ina nan sa'ad da suke fasowa, da an ɗauke su tun ba ta saba da su ba, amma yanzu ta kwana da su, ko ɗaure ta na yi tsaye za ta yi. Na gwada duk da haka. Na tura guda cikin akurki na toshe baki, ta yi ta tsalle har ta fasa biyu.

"Ka ƙoshi? Kawo sauran."

Ruwan masakin ta bar shi a rana ne har ya yi ɗumi kamar jikin mutum. Ta riƙa saka ƙwan a ciki a hankali, mu duka biyu mun sunkuya muna kallo. Wanda ya tsaya shiru, baragurbi ne, ta ajiye hagu. Wanda ya ɗan motsa da kansa, ruwan ya yi zobe kewaye da shi, da rai a ciki, ta goge da zane ta ajiye dama. Ban taɓa kallon wani abu da ido kamar yadda na kalli ruwan nan ba. Ashirin da uku suka motsa. Ta ce zafin da ya kashe mini kaza shi ne ya riƙe waɗannan, da damina ta zauna da sanyinta, da babu ko ɗaya. Sauran kuma, da ta fasa biyu uku ta duba, ta ce tun kafin a sa wa kaza suka lalace. A nan na faɗa mata kwana bakwai ɗin da suka yi a ɗaki. Ta dube ni, ta ɗauki masaki ta zubar da ruwan.

Ta yafa zane, ta jera ƙwan a ƙwarya, ta ce in biyo ta. Gida gida muka bi muna tambayar mai kazar da ke kwanci. Ni da na ce zan nuna wa mata yadda ake kiwo, ga ni tsaye a ƙofar gidajensu, ana leƙowa ana dariya. Wata ta ce, "Ango, an ce ka yi haihuwa sha ukku, barka." Gidaje biyar suka karɓa, bisa cewa abin da ya fito a raba biyu.

Durgu kuwa tana ƙarƙashin rumbu, ba ta san ana yi ba. Babu tsakon da ya yi kuka a ƙarƙashinta, yashin wurin da sanyi, ta cika kasuwarta huɗu ta fito da biyar. A gidajen mata goma sha takwas suka fito, tara nawa.

Bayan damina ta zauna na koma Tama, na sami tsohuwar a inda take zama. Na je ne da niyyar in ɗora mata laifi.

"Inna, kin ce in ba na zabi kasuwa guda. Na ba su, sun lalace."

"Ina kab ba su?"

"Cikin ɗaki."

"Ɗaki na kwanci?" Ta juya wajen maƙwabciyarta mai sayar da daddawa. "Kin ji wanga. Na ce ya ba su kasuwa guda ƙarƙashin kaza kahin ya sa na kaza, su hito rana guda, shi ya kai su ɗaki su yi barci." Ta sake dubana. "Ai da nac ce, 'to' kac ce. Wanda bai gane ba, 'ƙaƙa' yake cewa."

Na sayi ƙwai ashirin, na zauna kan dutse kusa da ita har la'asar ina tambaya, tana ba ni amsa tana yi mini ba'a.

Ga yadda shekarar ta tashi. Cikin ƙwan zabi tamanin, goma sha huɗu suka zama nawa, goma sha ɗaya suka kai kaka. Cikin ƴan tsaki goma sha uku, shirwa ta ɗauki huɗu. Manyan kajin na sayar da su duka, ban mayar da abin da na saya ba. Da na haɗa komai, har da ɗan abin da ashirin ɗin baya suka ba ni, akuya guda ta dawo, guda ta tafi ke nan. Amma gidaje biyar ɗin da na shiga da kunya, da bazara ta zagayo su suka aiko suna tambaya ko akwai ƙwai. Daga nan ban ƙara tara kaji a gidana ba. Ni ke kawo ƙwai, mata ke da kaji da sani, mu raba. Biyar suka zama ashirin, daga baya har ƙauyukan Keita. Ban koma bayan jakin kawuna ba.

Tun ranar, in mai sana'a ya gaya mini magana a cikin sana'arsa, ba ni cewa "to" sai na maimaita masa ita da bakina ya ce haka ne. "To" ɗin da na ce a kasuwar Tama akuya guda ta ci mini, kuma har yau ina ganin na saye ta da araha.