Saniyar da Babana Ya Binne

A unguwar Nima na tashi, a gidan haya kusa da babbar kwatar da ta raba mu da Maamobi, shekarun da ake ta maganar samun 'yancin kai. Kakata, Iya Hajo, wake da shinkafa take sayarwa. Bayan magariba takan ɗora tukunyar wake da ganyen dawa, mu yaran gidan mu kewaye murhu, har da 'ya'yan Dagomba da Zabarmawa. Tatsuniyoyinta na dariya ne, ban da guda ɗaya. In za ta yi wannan, sai ta fara cusa itace a wuta da ƙarfi.

"Ku matso," in ji ta. "Ga wata ta zo, kada in ga haƙorin kowa."

Wani likitan dabbobi ne a wani ƙaramin gari a arewa. Da keke yake bin rugage yana yi wa shanu allura, yana tsaga kunnen wadda ya yi wa don a gane ta. Shekarar da annoba ta share garkunan kewaye, na mutanen garin suka tsira. Da aka kafa majalisar gari, suka zaɓe shi shugaba. Ya haƙa musu rijiya, ya gyara mayanka.

Rannan saniyar sarkin fawa ta kwanta, baƙin jini na fita ta hanci. Aka wasa wuƙa a yanka ta kafin ta zama mushe, kamar yadda aka saba. Likita ya tsaya a gabanta, ya ce ciwon saifa ne, mai fiɗa da mai ci duk suna iya mutuwa. Ya sa aka ƙone ta, aka binne.

"Sai suka ce ya mai da halal mushe," in ji Iya. "Wai boko ya cinye masa imani. Da an ci an mutu, da sun yarda da shi. Da ba wanda ya mutu, sai ya zama maƙaryaci. Marasa kunya suka tsige shi, suka daina amsa masa sallama."

Wata rana na buɗe baki na ce, "Iya, ai suna da gaskiya. Saniya guda fa. Ni da na ci abina."

Yara suka fashe da dariya. Iya ta ɗaga ludayi ta nuna bakin ɗakinmu, inda babana ya dawo daga dako a kasuwa yana wanke ƙafa.

"Ga shi can. Tashi ka faɗa masa."

Ranar na san wane ne likitan. Babana bai ɗago kai ba, ya ce, "Iya, ƙyale shi, yaro ne."

Ban ba shi haƙuri ba. Haushinsa ma na ji, cewa saboda saniyar wani muke mu bakwai a ɗaki ɗaya. Da wannan haushin na girma, har ya rasu.

Bayan shekaru na zama mahauci a wata unguwa da ake kira Madina. Wata saniya da na saya ta kwanta, na ga baƙin jinin a hancinta. Ba zan ce ban sani ba, Iya ta kwatanta mini shi fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na yanka ta a bayan gida, ban kai ta mayanka ba. Maƙwabciyata mai tuwo ta sayi kayan ciki. 'Yarta Salamatu, wadda takan kira ni kawu, ta ci, ta yi kwana huɗu tana fama, ta rasu. Na bi gawarta, aka ce kwana ne ya ƙare, na yi shiru.

Mutanen garin nan jahilci ne ya ja su. Ni me ya ja ni? Na ɓata ƙuruciyata ina fushi da mutumin da ya gwammace a kore shi da ya binne 'yar wani. Yanzu fushin ya dawo inda ya dace, kuma ba ya sauka.

Iya ta ce in tashi in faɗa masa. Ban tashi ba sai yau, kuma ba kowa a bakin ɗakin.