Furanni Huɗu a Teburin Kaka Nina

Duk wanda ya taɓa sayen furanni a babban kantin kayan abinci na Gate City Boulevard ya san Ƙauna Malachy, ko da bai san sunanta ba. Ita ce siririyar nan mai tabarau da ke tsayawa bayan bokitan ruwa, wadda idan ka ce ta ɗaura maka dozin, sai ka je gida ka tarar da goma sha uku. Sau biyu manaja yana kiranta ofis a kan haka. Ta ba da haƙuri, ta koma bakin aikinta, amma hannunta bai daina ba.

A Rasha ta kwaso wannan hali. Shekara shida ta yi tana karatun likita a Belgorod, wani gari da ke kusa da iyakar Yukren. A can, fure ɗaya ko uku ko biyar na mai rai ne. Biyu, huɗu, shida kuwa, kabari ake kai wa. A watanta na farko ta koyi darasin, ranar da ta shiga gidan da ta kama haya riƙe da furanni biyu don ta gode wa mai gidan, wata tsohuwa mai suna Nina da ta yi ritaya daga aikin gidan waya. Tsohuwar ta dubi hannunta, ta zare ɗaya ta sa a kofi daban, ta ce, "Ban mutu ba tukuna, 'yata." Tun daga ranar Ƙauna take ce mata Kaka.

'Yar Zonkwa ce, ta fari a wajen iyayenta. Babanta malamin firamare ne, mamanta tana ɗinki a bakin kasuwa. Da ta gama karatu a watan Yuni sai ta zo Greensboro wurin ƙanwar babanta, Anti Celina, mai aikin jinya a gidan tsofaffi. Suna zaune a wani ɗan gida a unguwar Glenwood. Da safe ta bi bas zuwa kanti, da yamma ta duƙufa kan littattafan jarrabawar da za ta ba ta izinin taɓa marar lafiya a ƙasar nan. Ba ta miƙa wa kowa hannu a bakin ƙofa sai ya shigo. Kafin kowace tafiya mai nisa sai ta zauna shiru na minti ɗaya, jakarta a gefe, kamar yadda Kaka Nina ta koya mata. Idan kuma motar kashe gobara ta wuce da jiniya, za ka gan ta manne da bangon da ba shi da taga.

"Mun aika ki ki zama likita," Anti Celina takan ce, "kin dawo mana tsohuwar Baturiya."

Amma abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne wanda ta baro a can, ƙanenta Shekari. Ita ta cika masa takardu, ita ta shawo kan iyayensu, ita ta tarbe shi a tashar jirgin ƙasa ta sa masa hular sanyi. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, Mama ta ce su tattaro su dawo gida dukansu biyu. Ƙauna tana tsaye kan kujera tana manna wa gilashin taga salatif lokacin da ta amsa, "Mama, garinmu lafiya lau yake, abin yana can nesa." Saura mata shekara ɗaya da 'yan watanni a lokacin, ba ta iya barin takardarta. Kusan shekara biyu ke nan tana maimaita wannan magana. Ita ta gama ta fito. Shekari ya gaji ɗakinta, ya gaji ƙaryar.

Ranar Asabar, saura kwana biyu shekara ta ƙare, tana datse kan furanni da almakashi sai ga Wahab, mutumin zangon Kumasi da ke aiki a sashen nama. Kullum da tsokana yake zuwa. Yau waya ya miƙo mata.

"Dokta, wannan ba garinku ba ne?"

Hayaƙi ne baƙi a tsakiyar gari, motoci na ci da wuta, mutane na gudu kan dusar ƙanƙara. An ce rokoki ne suka faɗo da rana tsaka. Ta gane titin. Ta gane kantin da ke kwana, inda ta saba sayen burodi. Sai saƙon muryar da Shekari ya turo mata jiya ya dawo mata: "Likita, gobe zan shiga gari. Kaka ta ce babu sabuwar shekara sai da tanjarin da bama. Zan ɗauko miki hoton babbar bishiyar bikin da aka ƙawata a tsakiyar gari, ki ga abin da kika rasa."

Ta kira shi, wayar a kashe. Ta kira Kaka Nina, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Wannan bai ba ta mamaki ba, don kunnen tsohuwar ya yi nauyi, kuma abu ɗaya ta iya da wayar da Ƙauna ta bar mata, wato ɗaukar hoto ta aika. Ta kira abokan Shekari biyu. Ɗaya ya tafi hutu wani gari, ɗayan ya ce tun Alhamis rabonsa da shi.

Da yamma Mama ta kira. "Wayar ɗan'uwanki ba ta shiga tun rana."

"Sabis ne, Mama. Lokacin biki layinsu cushewa yake."

Anti Celina tana bakin murhu tana juya miya. Ta ajiye ludayin da ƙarfi.

Washegari Lahadi suna coci, ana tsakiyar waƙar baiko, wayar ta girgiza a cinyarta. Kaka Nina ce. Hoto ɗaya, babu rubutu. Teburin kicin ne da ta ci abinci a kansa shekara shida, da ledarsa mai zanen kore da fari. A tsakiya akwai kwalba, a cikinta jajayen furanni. A gefe ga shuɗin kofin da Shekari ke shan shayi da shi.

Ta ƙirga. Ta buɗe hoton da yatsu biyu ta sake ƙirgawa, tana neman ko akwai wani da ya ɓuya a baya. Babu. Ta tashi ta fita, ta taka ƙafar wata mata ba ta ma sani ba.

A wajen ajiye motoci Anti Celina ta same ta a durƙushe kusa da tayar wata mota, tana ta danna kira.

"Me ya faru? Yi magana mana!"

Ƙauna ta miƙa mata wayar.

"To? Fure ne fa."

"Huɗu ne, Anti."

"Huɗu ko arba'in, fure fure ne. Wataƙila ɗaya ya karye ta yar."

"Da ta cire wani ya zama uku. Kaka Nina ba ta kuskure a wannan. Ko a mafarki ba za ta sa huɗu a teburinta ba sai in an yi mutuwa. Ga kofinsa nan. Ni na kai shi, Anti. Ni na ce wa Mama lafiya lau."

Anti Celina ta daɗe tana kallon hoton. Ta rufe idanun tsofaffi da yawa a wurin aikinta, ba mace ba ce mai saurin firgita. Ta maido mata wayar.

"Ba kin ce tsohuwar ta yi miki alkawarin kira ba?"

Haka ne. Ranar da Ƙauna za ta taho, bayan sun zauna shirun nan na minti ɗaya, Kaka Nina ta ce idan babban agogo ya buga sha biyu a talabijin, shekara ta shigo, za ta sa Shekari ya kira don su gaisa. Sha biyun can ita ce ƙarfe huɗu na yamma a Greensboro.

"To, za mu jira huɗu," in ji Anti. "In ta wuce ba mu ji komai ba, ni zan kira yayana, ba ke ba. Tashi. Me kuke dafawa a can ranar nan?"

"Anti, don Allah."

"Na ce me kuke dafawa? Ba zan zauna ina kallonki kina cin farcenki har awa uku ba."

Haka suka biya kanti suka koma gida da dankalin turawa, karas, ƙwai, koren wake na gwangwani, kokwamba mai tsami da kwalbar bama, kayan haɗa salak ɗin bikin. Ƙauna ta dafa, ta ɓare, ta fara yankawa ƙanana ƙanana daidai da juna, don Kaka Nina ba ta yarda da manyan yanka. Tana yanka tana magana, ba don tana so ba, sai don shirun ya fi ƙarfinta. Ta ce a can wannan rana ta fi Kirsimeti girma. Tun safe gidaje ke ƙamshin ɓawon tanjarin. Kowa ya yi wanka ya sa sabon kaya ko da ba inda za shi. Salak ɗin nan a babbar roba ake haɗa shi, a ajiye a baranda don sanyin waje ya fi na firji, a yi kwana uku ana ci. Maƙwabta su yi ta hawa da sauka da faranti. Akwai wata Zoya a hawa na biyu, mai gyaran gashi, da takan shigo ta ce sai ta koyi kitso a kan Ƙauna, ta yi ta ja har hawaye ya zo, sannan ta ba ta haƙuri da kwalbar zuma.

"Bara kuma?" Anti ta tambaya.

"Bara a lungun da ke tsakanin ɗakuna muka ci. Nan ne babu taga."

Mama ta kira sau biyu. Ƙauna ta kalli wayar har ta katse. A karo na biyu wuƙar ta zame ta yanke ta a yatsa, Anti ta naɗe mata ba tare da faɗa ba.

Huɗu saura biyar suka zauna, robar salak a tsakaninsu, ba wanda ya ɗauki cokali. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya faɗo kan tebur. Huɗu ta buga. Wani ɗalibi ya wuce a kan keke yana waƙa. Huɗu da minti uku. Da biyar. Anti Celina ta jawo tata wayar ta ajiye a gabanta, ta fara addu'a ƙasa ƙasa.

Da minti bakwai wayar Ƙauna ta yi ƙara. Kiran bidiyo.

Silin ta fara gani, sai goshin Kaka Nina da farin gashinta. Sai wata murya ta ce da Rashanci, "Kaka, ba haka ake riƙewa ba, kawo." Hoton ya juya. Shekari ne, filasta a goshi, hannun dama naɗe da bandeji har gwiwa.

"Likita! Barka da sabuwar shekara. Ku har yanzu kuna cikin tsohuwar?"

Anti Celina ce ta fizge wayar. "Kai, ɗan banza! Wayarka fa? Ka san abin da ka sa mu?"

"Anti, ina wuni. Wayar ta riga mu gidan gaskiya." Ya yi dariya, dariyar ba ta kai ido ba. Ya ce yana cikin kanti gilashin ya zubo musu. An kai shi asibiti an ɗinke shi, da suka ji ɗalibin likita ne sai ya tsaya yana riƙe musu ledar ƙarin ruwa da hannun hagu har gari ya waye. Da ya dawo gida ya sha shayi ya faɗi kan gado, bai farka ba sai ɗazu.

Ƙauna ta karɓi wayar. "Furannin fa? Huɗun nan na wane ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Zoya. Ta fita sayo wa jikarta kyauta."

Kaka Nina ta matso da fuskarta. Ta ce ba ta iya rubutu a wannan abin ba, shi ya sa ta aika hoto, ta san Ƙauna za ta gane. Shekari ya faɗa mata a kunne abin da Ƙauna ta gane. Tsohuwar ta dubi teburin, ta ga kofin, ta toshe bakinta da hannu.

Abin da ya fara zuwa zuciyar Ƙauna godiya ce ga Allah, kuma nan take kunya ta rufe ta, don har yanzu akwai ragowar zumar Zoya a kwalba cikin akwatinta.

"Shekari, ka tattara ka dawo."

"Saura shekara ɗaya da rabi, Yaya."

"Ba na son jin lissafi. Ka dawo."

"Ke kin gama naki ai," ya ce a hankali. "Da aka ce ki dawo, kin dawo?"

A bayansa tana jin talabijin yana kiɗa, tana ganin salatif ɗin da ita ta manna a taga, ya fara ɓallewa a gefe ɗaya.

"To ba ni zan yanke ba, ba kuma kai kaɗai ba," ta ce. "Zan kira Mama yanzu in faɗa mata komai."

"Kada ki soma! Hawan jininta fa?"

"Da furannin nan naka ne, da me zan ce mata?"

Ya ce, "Ki bari in fara magana da ita."

"Za ka yi, bayan na gama."

Da aka katse, Anti Celina ta ɗebi salak ta kai baki, ta tauna, ta yamutsa fuska. "Ba barkono, ba komai. Wannan kuka yi shekara shida kuna ci?" Ta sake ɗiba duk da haka.

Ƙauna ta ajiye wayar kan cinyarta, ta haɗa hannuwa, ta zauna shiru. Anti ta san wannan zaman, ba ta tsokane ta ba. Da minti ɗaya ya cika, Ƙauna ta danna lambar. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Mama, Shekari yana da rai, yanzu na gan shi da idona. Ki kira Baba ya zo kusa, ki samu wuri ki zauna. Garin nan ba lafiya lau yake ba, kuma ba jiya abin ya fara ba."