Miyar Kuka a Lagireto

Shekara shida na yi ina tuƙa wa wani Alhaji mai fataucin albasa a Gwandu, ban taɓa taka ko kazar wani ba. Motar tsohuwar a-kori-kura ce, ya saye ta a hannun wani ɗan kwangila bayan ta gama shan wuya. Ni na san halinta. Na san tarin da take yi da safe, na san giyar da take ƙi idan an yi mata lodi. A lokacin ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma allurar agogon zafin injin da ke gabana na san inda take kwanciya idan lafiya, na san inda take kaiwa idan babu.

Da bazarar shekarar da ta biyo bayan mai da tuƙi hannun dama, na ga lagireto, wato tankin ruwan sanyaya injin, yana ɗiga. Ɗigo ne kaɗan, wurin da zai jiƙa a ƙasa bai fi tafin hannu ba. Na gaya wa Alhaji a kai shi Birnin Kebbi a liƙe da dalma. Ya ce to. Kafin a yi haka aka aiko mini daga Masama cewa mahaifiyata ba lafiya, na tafi na yi kwana huɗu.

Da na dawo, Alhaji ya ce, "Direba, an gyara maka matarka. Je ka duba."

Na duba. Ɗigo ya tsaya. Na nemi tabon dalma ban gani ba, amma ban tambaya ba, don ba a tsare maigida da tambaya a ƙofar gidansa.

Washegari na kai taki gonarsa ta hanyar Malisa. Tafiyar ba nisa, lodin ba nauyi, sai ga allura ta wuce gurbinta. Na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya, na bar injin ya huce, na bi abin ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mini. Ruwa a cike yake. Na danna fambel, igiyar da ke juya fanka, da babban yatsa, bai saki ba. Fanka na juyawa. Na zaro sandar baƙin mai, man baƙi ne wuluk, bai yi farin da yake yi ba idan ruwa ya shiga. Tun a hanya bututun salansa bai yi farin hayaƙi ba. Na sake tayar da ita, da ta ɗauki zafi na kashe, na shafa lagireto da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. Sama kamar garwashi. Tsakiya kuwa wani wuri da ɗumi, wani wuri sanyi ƙalau. Ruwa ba ya ratsawa ke nan. Wani abu ya toshe hanyoyinsa.

Na koma na gaya wa Alhaji. Ƙaninsa na zaune a zauren. Shi ƙanin nan ya yi makaranta, akawu ne, kuma ya daɗe yana so a ba wani abokinsa tuƙin motar.

"Lagireto ya toshe, ranka ya daɗe," na ce. "In ba a wanke shi ba, ba za ta kai Kalgo da lodi ba."

Ƙanin ya yi dariya. "Da hannu ka gano haka? To ashe bokan mota muka samu. Kai da ba ka san abin da anka rubuta a jikin agogon ba?"

"Ban san rubutun ba, Malam, amma na san allurar."

Alhaji bai dube ni ba. Ya ce albasa ta kwana biyu a buhu, zafin nan zai ruɓar da ita, gobe kasuwar Kalgo. In tafi a hankali. Ƙaninsa zai bi ni don ya karɓi ciniki.

Mun fita bayan asuba da buhu har saman ƙarfe. Sau biyu na tsaya kafin Birnin Kebbi. A can na roƙi ƙanin mu shiga gareji ko na awa ɗaya ne.

"Kasuwa za ta jira ka? Wuce, Malam. In tsoro kake ji ba ni makullin."

Na wuce. Wannan shi ne nawa laifin, kuma ban taɓa musunsa ba. Da na kashe mota na zauna a kan bonet, da abin da zai yi bai wuce zagi ba. Amma ni mutum ne da aka sani da haƙuri, na saba a ce yi in yi.

Ana hango itatuwan Kalgo allura ta kwanta a ja. Kafin in sauka gefen hanya tururi ya turnuƙe gilashi, injin ya yi wata shaƙa ya mutu. Ƙanin ya diro yana salati yana zagina a lokaci guda. Ya nemo jakuna aka kwashe albasa, ya bi su kasuwa, ya bar ni da mota. Mutanen gari suka taya ni tura ta wurin wani tsohon bakanike da ke bakin tasha.

Bakaniken ya jira ta huce. Ya ce gasket ɗin kan injin ya ƙone, wannan ba sai an buɗe ba. Sannan ya ajiye kwano a ƙasa ya kwance tiyon ƙasa na lagireto. Ruwa bai zubo ba. Ya zura waya ya motsa, sai ga wani abu kore ya fito yana yauƙi, yana jan zare har cikin kwano. Ya ɗebo da yatsa ya shinshina, ya miƙo mini.

"Direba, ina tuwon? Ga miya ta nuna, daddawa kawai anka manta."

Miyar kuka ce. Na san dabarar, direbobin manyan motoci suna yin ta a daji: idan lagireto ya huje, a zuba garin kuka cokali ɗaya, ya je ya liƙe ramin, a lallaɓa a kai gari a wanke. Cokali ɗaya, na yini ɗaya. Wannan kuwa an zuba abin da zai ishi gida guda, an bar shi kwana da kwanaki yana dahuwa.

"Kai ka zuba?"

"A'a, ina Masama a lokacin."

"To wanda ya zuba shi ya kashe wagga mota. Ɗauki kwanon ka kai mishi ya sha."

Ban ɗauka ba. Na kwana biyu a Kalgo ana aiki. Kafin in koma Gwandu labari ya riga ni: direba ya bar mota ba ruwa, ya dafa injin, jahili ne bai iya karanta agogo ba.

Na sami Alhaji bayan la'asar. Na jira har zauren ya watse, don ban so in faɗi maganar a gaban kowa. Na gaya masa abin da ya fito daga tiyo. Ya daɗe yana jan carbi.

"Ni na zuba," ya ce. "Wani direban babbar mota, roka, ya ba ni shawara a kasuwa. Na ga ɗigon bai tsaya ba, na ƙara."

Na ji sanyi a raina. Na zaci magana ta ƙare.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Allah ya yi maka albarka. To ka bar ta nan." Ya gyara zama. "Ka ga, yaron nan ya riga ya baza magana. In na tashi na ce ni ne, na ƙaryata ƙanina a bainar jama'a, ni kuma na zama abin dariya har jikokina. Kai kuwa mai haƙuri ne. Ka ɗan huta a gida, in ƙura ta lafa zan neme ka."

Na ce to, na ciro makullin daga aljihu na ajiye a kan buzunsa. Na ma yi masa godiya. Har yau idan na tuna godiyar nan sai in ji kunyar kaina.

Bai neme ni ba. Abokin ƙaninsa ya karɓi motar cikin mako. Na je wurin masu mota uku a Gwandu, kowa ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni ruwa, ya ce zai duba. Na ukun ne ya yi mini gaskiya, ya ce, "Malam, injin tsada gare shi yanzu." Bakaniken Kalgo ya ce in kawo duk wanda nake so ya faɗa masa abin da ya gani. Wa zai tafi Kalgo don ya wanke direba? Ni kuma na riga na ce ba zan faɗa ba.

Na koma Masama na kama fartanya. Lasisin tuƙina na cikin akwati, ban sake sabunta shi ba. Da aka buɗe ajin manya a garinmu na shiga, kuma ranar da na fara haɗa baƙaƙe na gane cewa rubutun da aka yi mini gori a kansa haruffa biyu ne kacal, ɗaya a gefen sanyi, ɗaya a gefen zafi.

Alhaji ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Kowace ƙaramar salla yakan aiko mini da yadi biyar na shadda da buhun albasa, mutane suna yaba kirkinsa, wai dubi yadda yake tuna wanda ya yi masa ɓarna. Ina karɓa, don akwai iyali. Albasar mukan ci. Shaddar kuwa matata ke ɗinka wa yara, ni ban taɓa sa ta a jikina ba.