Godelieve, wadda ta wargaza mini bincike

Da sassafe mataimakiyata a aikin bincike, Godelieve Vanhoutte, take saka akwatin ƙanƙara a tsohuwar motarta, ta bi ƙauyukanmu na yankin Flanders tana ɗibar jinin tsofaffi kafin su karya kumallo. Watan nan ta yi ritaya, aka rasa wanda zai jinjina mata sai ni, da ta fi ƙona wa rai.

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani zare da bakinsa ke cinyewa yayin da muke tsufa. So nake in gano ko ibada na rage cinyewar. Na ware kashi biyu: sistocin wani gidan ibada, wato matan coci da suka keɓe rayuwarsu ga bauta, da tsofaffin matan ƙauye da rabonsu da coci tun ranar aurensu. Sharaɗi ɗaya na gindaya mata, kada su cakuɗu. Ƙuruciyata kaf na zuba a aikin nan.

Sai da tafiya ta yi nisa na leƙa gidan sistocin. Na tarar da matan ƙauyen nan cike da ɗakin cin abinci, ana shan kofi, ana karta, shugabar gidan da kanta ke raba kati. Ana kaɗa ƙararrawar addu'a kuwa, tare suke tashi.

"Godelieve, mene ne haka?"

"Haba Farfesa, kai ka ce a ɗebi jini ba su ci komai ba. In soki tsohuwa da allura, in bar ta ita kaɗai da yunwa? Nan akwai kofi."

"Kin kashe ni! Yanzu wa zan gwada da wa?"

Wata tsohuwa, Philomena, ta ɗago kai. "Kai yaro, rage murya. Ni fa har yau ban yarda da komai ba, waƙar ce ke yi min daɗi."

Ɗibar jini jefi-jefi ne, amma ashe kowace Alhamis take kwaso matan ƙauyen zuwa gidan sistocin. Maƙwabta sun shaida mini cewa Philomena ta daina ɗaga labule tun rasuwar mijinta, sai da Godelieve ta kafe a ƙofarta ta ƙi tafiya.

Binciken dai ya dagule. Abin da muka gani a zaren, aikin addu'a ne, ko na kofi, ko na karta, har gobe ba mai iya rabewa.

Ke ce sarauniyar kunnen ƙashi, Godelieve, mai allurar da ba ta zafi. Ban huce ba, amma na gode. Masu tasowa ku yi koyi da ita, sai dai don Allah ba a cikin binciken mutane ba.

Tun da matata ta rasu bara, ni ma labulena a sauke yake. Yau Alhamis, ga ta can a ƙofa tana danna hon. Na ce ba ni zuwa, ta kashe mota ta gyara zama. Bari in nemo hulata.